Karen da Baba Ya Bari a Bakin Daji

A shekarun da na fara zuwa Guangzhou sarin jakunkunan mata, ɗaki ɗaya muke kamawa da wani dattijo mutumin Maraɗi, a wani tsohon bene da ke unguwar Dengfeng, saman shagon masu gyaran waya. Ba ni na nemo shi ba. Abokin zamana na farko ne ya koma gida bai dawo ba, sai mai canjin da ke ƙasan benen ya ce mini akwai wani Alhaji da ke neman masauki, mutum ne mai sallah, ba ya shan taba, ba shi da hayaniya. Na ce a kawo shi. Ya girme ni nesa ba kusa ba, don haka tun ranar farko na kira shi Baba. Shi kuma ya sa mini ɗan Kano, ko da yake na sha gaya masa ba a cikin birni aka haife ni ba.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, furfura ta cinye masa gemu. Idan yana tafiya ba ka jin takunsa. Sau da yawa ina zaune ina duba hotunan kaya a waya, sai kawai in ɗaga kai in gan shi tsaye da buta a hannu, ban san lokacin da ya shigo ba. Hausarsa ta can ce, da su "mi" da "wanga", idan ciniki ya yi zafi kuma sai Faransanci ya kuɓuce masa. Daga yaren 'yan Chana 'yan kalmomi kaɗan ya riƙe: gaisuwa, da lawban, wato maigida, da meyo, wato babu. Yakan ce meyo ita ce kalmar da ta fi kowace lafiya a ƙasar nan, don kullum tana bakin aiki.

A Shiling ake ɗinka jakunkunan da muke saye, garin da warin fata da na gam ke tare ka tun kafin ka sauka daga mota. Akwai ɗan nisa daga Dengfeng, sai muka riƙa haɗuwa muna ɗaukar mota ɗaya. Direban da muka saba da shi wani siririn ɗan Chana ne mai haƙuri, kullum da kwalbar shayinsa a gefen giyar mota. Turancinsa bai taka kara ya karya ba, namu ma haka, amma da hannu da wayar da ke fassara magana muna fahimtar juna.

A wata tafiya, bayan mun bar dogayen benaye mun shiga inda ake ganin gonakin ayaba da kududdufai, Baba ya nuna gefen titi ya ce akwai tsuntsu kwance a cikin ciyawar can, irin fakara, ya ga ciyawa ta motsa alhali babu iska. Motar ta riga ta wuce, amma ni na san irin wannan ido, a gidanmu na taso na gan shi. Na tambaye shi ko ya taɓa farauta. Ya yi murmushi ya ɗage ƙafar wandonsa, ya nuna mini wani dogon tabo a ƙwauri. Ya ce kafin ya san kasuwa, ba abin da ya sani sai kare da gora.

Daɗi ya kama ni. Na ce masa ai ni ma ɗan gida ne, mahaifina shi ne sarkin bakan garinmu. Na zaci zai miƙo mini hannu mu tafa, sai na ga ya juyo gaba ɗaya yana kallona.

"Ashe da ɗan masu tatsar baƙi nike kwana ɗaki guda," in ji shi.

Da dariya ya faɗa, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Na gane abin da yake nufi nan take.

Garinmu yana kudancin Kano, inda ƙasa ta fara duwatsu, a bakin wani daji da a lokacin ƙuruciyata idan ka shige shi da hantsi rana za ta faɗi ba ka ga ƙarshensa ba. Bayan an gama girbi an kai amfanin gona rumbu, mahaifina ne ke sa ranar buɗe farauta. Nakan tuna safiyar irin wannan rana: karnuka suna ta kai-komo a ƙofar gidanmu, maza sun sha warki da layu, makaɗa suna ɗumama ganguna a bakin wuta, mata suna leƙe ta saman danga. Ɗan gari ba a karɓar komai a hannunsa, sai dai idan ya kashe babban nama ya kawo cinya. Daga baya manyan motoci suka fara zuwa daga wasu jihohi, maƙare da mutane da karnuka. Su sai sun yanki takarda a wajen malamin daji, kuɗinta ya fi na ɗan jiha sosai, sannan su zo zaurenmu su ajiye na gari, kafin a haɗa su da wanda zai nuna musu inda aka yarda su shiga da inda aka hana.

Ban taɓa ganin aibin wannan ba, domin tun ina ƙarami nake jin hujjar mahaifina. Yakan ce birai da gadu idan suka fito ɓarna, dawarmu suke ci, ba ta baƙo ba. Idan gobara ta tashi a daji, mu ke fita da ɗanyen ganye mu yi ta bugu har gashin hannu ya ƙone. Idan damina ta sauka namun daji suka ɗauki ciki, mu ke rataye baka mu haƙura, ko da gada tana kiwo a bayan gida muna kallonta, miya kuwa ba nama. Baƙo ba ya nan a lokacin haƙuri, sai lokacin ci. To in ya zo ci, ya biya kuɗin haƙurin da bai yi ba.

Duk na zayyana wa Baba wannan a cikin motar, ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce daji na Allah ne, barewa ba ta da takardar jiha, wadda ta kwana a dajinmu jiya wataƙila a nasu ta sha ruwa shekaranjiya. Ya ce kuma in duba da kyau in ga wa tsadar take hanawa. Mai mota da bindigar bature zai biya yana hira, ya shiga ya kashe a yini ɗaya abin da mai gora ba zai kashe ba a rani guda. Wanda ake kora shi ne talakan da ya tako da ƙafa da karensa. Na ce kuɗin ba aljihun mahaifina suke shiga ba, da su aka ɗaure bakin rijiyar gari, da idona na gani. Ya ce ya yarda, amma shi baƙon bai sha ruwan rijiyar ba.

Daga ranar wannan musu ya zama abin hirarmu. Mukan ɗauko shi a mota, mu ajiye, mu sake ɗaukowa a gidan abincin wata mata 'yar Ghana da ke tuƙa tuwon shinkafa a hawa na sama, kusa da mu. Wani lokaci 'yan kasuwar da ke cin abinci su sa baki, na Kano su bi bayana don kara, na Nijar su bi bayansa, alhali yawancinsu ko zomo ba su taɓa kora ba. Ni wasa na ɗauki abin. Na lura dai shi Baba, ko ana cikin raha, akwai inda yake kaiwa ya bar maganar ya ci gaba da cin tuwonsa.

Wata rana muka isa masana'anta da sassafe, lawban ya tare mu da fara'a mai yawa da ƙananan kofunan shayi. Mun riga mun san wannan alama ce ta kaya ba su kammala ba. Zif ɗin jakunkunan Baba bai iso ba, nawa kuma suna kan keken ɗinki. Meyo, sai da yamma. Komawa Dengfeng a sake dawowa wahala ce, zama a ofishin lawban kuma shayi zai kashe mu. Direba ya kira mu bayan mota, ya buɗe but ya nuna mana sandunan fatsa. Ya yi magana a wayarsa, wayar ta ce mana akwai tafki nan kusa inda yake zuwa idan yana jiran fasinja.

Ƙauye ne a bayan Shiling, ana bin wata siririyar hanya tsakanin gonakin ganye. Tafkin babba ne, an ɗaure gefensa da duwatsu, ayaba da gora sun kewaye shi. A bakin shiga akwai rumfa, wata tsohuwa mai faffaɗar malafa tana zaune a ciki. A gabanmu wasu tsofaffi biyu suka zo da sandunansu, suka yi mata magana, suka jefa 'yan canji a cikin wani gwangwani suka wuce. Da muka matso sai ta nuna mana wani allo. Direba ya karanta ya gaya mana abin da kowannenmu zai biya, na ji ya ninka na tsofaffin nan ba sau ɗaya ba.

Raina ya ɓaci. Na sha ganin haka a kasuwar tufafi ta Shisanhang, inda wani mai shago yana hango ka kuɗin riga zai tashi, don haka na ɗauka launin fatarmu ta gani. Na ce wa direba ya tambaye ta dalili, na ce wa Baba mu tafi, ba kifin ne ba mu taɓa ci ba. Muryata ta ɗan ɗaga har tsohuwar ta zuba mini ido. Direba ya riƙe mini hannu, ya nuna ƙirjinsa, ya nuna allon. Da taimakon waya ya fahimtar da ni cewa shi ma abin da zai biya ke nan. Shi mutumin wani lardi ne mai nisa, ya daɗe yana tuƙi a Guangzhou, amma a nan baƙo ne kamar mu. Tafkin na mutanen ƙauyen ne, duk wanda ba ɗan ƙauyen ba kuɗin baƙo yake biya.

Na waiga na ga kafaɗun Baba suna rawa, yana dariya ba sauti.

"Ɗan sarkin baka, biya mana," in ji shi. "Ko a dajinku kaɗai dokar take da daɗi?"

Na biya. Tsohuwar ta ba mu kujerun roba da ɗan kwanon abincin kifi, muka sami inuwa muka zauna.

Baba bai taɓa fatsa ba, ya ce su mutanen rijiya ne. Ya riƙe sandar kamar zai jefi zomo da ita, direba ya yi ta gyara masa hannu. Amma zaman jira bai dame shi ba ko kaɗan, ya fi mu duka iya shi. Ana zafi mai danshi irin na garin, riga tana manne wa mutum a baya. Kafin azahar direba ya kama karfasa masu kyau, ni na kama ɗaya, Baba bai kama komai ba. Muka yi alwala da ruwan famfon rumfar, muka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin ayaba muka yi sallah. Bayan mun koma kujerunmu ne, yana kallon ruwa, ya ba ni labarin da bai taɓa ba ni ba.

Ya ce wata shekara ruwa ya ɗauke musu tun gero bai fid da kai ba. Dajinsu ya bushe, namun da ke ciki suka yi kudu neman ruwa. A lokacin bai daɗe da aure ba, matarsa tana da ciki, rumbu kuwa ba komai. Sai shi da wansa da wasu maza na ƙauyensu suka ɗauki karnuka suka tsallako iyaka da ƙafa, suka nufi wani babban daji da ke yamma, ba namu ba. Niyyarsu su kashe nama su yi banda, su sayar su sayi hatsi su koma da shi.

A garin da ke bakin dajin aka kai su gaban sarkin baka, aka gaya musu abin da baƙo ke biya. Ba su da shi, ba su da rabinsa. Suka roƙa a bar su su shiga, idan sun fito a cira daga abin da suka samu. Aka ce an sha yi wa wasu haka, suka fice ta wata hanya ba a sake ganinsu ba. Sarkin bakan ya tashi ya zagaya karnukansu yana dubawa, ya tsaya a kan na Baba. Jan kare ne mai farin ƙirji. Tun bai buɗe ido ba Baba ya ɗauko shi, da nonon akuya ya raine shi, idan ya dama fura sai ya rage masa. A tafiyar nan ma da dare a jikin ƙafarsa yake kwana. Baba ya ce a ɗauki gorarsa da wuƙarsa da bargonsa, aka ce kare ake so. Wansa ya ja shi gefe ya tuna masa abin da suka baro a gida.

Shi da kansa ya ɗaura wa karen igiya, ya ɗaure shi a turken da ke ƙofar zauren, domin ba zai yarda da hannun kowa ba. Ya ce har suka yi nisa cikin daji yana jin kukansa.

Farautar ta yi kyau. Sun sami nama, sun yi banda, sun sayar, sun sayi hatsin da ya kai su har saukar ruwa, matarsa kuma ta sauka lafiya. A hanyar komawa ya biya ta garin da kuɗi a hannu don ya fanshi karensa, aka ce masa an riga an ba wani mafarauci na wani gari, ya tafi da shi. Bai sake kiwon kare ba. Ya ɗan ci gaba da bin 'yan uwansa daji, daga baya ya koma sayen fatu a hannunsu yana kai wa dukawa, daga fatu ya shiga jakunkuna, har jakunkuna suka kawo shi inda muke zaune.

"Ba su yi mani ƙarya ba, ba su ƙwace ba," in ji shi. "Doka suka hwaɗa mani, ni kau na miƙa da hannuna. Shi ya sa har yau ban san wanda zan ji haushi ba, sai ita dokar."

Abin da ya zo mini a rai shi ne wani baƙin kare mai yankakken kunne da ya taɓa zama a gidanmu. Ta irin wannan hanya ya zo, wasu baƙi ne suka bar shi a madadin kuɗi. Na tuna an ɗaure shi a gindin rumbu, ya ƙi cin abinci kwana da kwanaki, yana ta kallon ƙofa. A lokacin ban taɓa tunanin mai shi ba, murna kawai muke yi an sami sabon kare. Na yi ta juya maganar, in faɗa ko in bari, daga ƙarshe na faɗa masa.

Bai yi fushi ba. Ya tambaye ni ko ana ba shi abinci sosai, ko ana dukansa, ko daga baya ya saba. Na gaya masa gaskiya: ya saba, har ya zama shi ne na gaban goshin mahaifina, a ƙofar ɗakinsa yake kwana. Da ya tsufa ya daina gudu, ba a kore shi ba, ana zuba masa tuwo har ya mutu. Baba ya gyaɗa kai ya ce to madalla. Can sai igiyar fatsarsa ta motsa, muka taru a kansa da direba, ya fizgo wata 'yar ƙaramar karfasa da ba ta kai tafin hannu ba. Ya dube ta ya ce wannan ko kuɗin ɗan gari ba ta biya ba, ya mayar da ita ruwa.

Bayan wasu watanni, dab da sabuwar shekarar 'yan Chana, lokacin da masana'antu ke gaggawar sallamar kaya kafin ma'aikata su watse garuruwansu, muka je ɗaukar kayanmu na ƙarshe. Ana sanyi mai shiga ƙashi, da yayyafi. Direba ya ce akwai abin da yake so mu gani, ya bi da mu ta ƙauyen. Muka tarar an zuƙe ruwan tafkin. Mutanen ƙauyen maza da mata suna cikin taɓo har cinya, sanye da dogayen wandunan roba, wasu suna kama kifi suna cika kwanduna, wasu suna kwasar laka suna gyara gefen da ya zube. A kan tudu an jera kifin kashi-kashi, kowane gida da nasa. Tsohuwar mai malafa ta gane mu, ta zuba mana ruwan shayi mai zafi. Kifi kam ba a ba mu ba, ba a ba direba ba, mu ma ba mu sa rai ba.

Baba ya daɗe a tsaye yana kallonsu, hannayensa cikin aljihun rigar sanyi. Da muka koma mota ya ce waɗannan suna da gaskiyarsu. Su suka haƙa, su ke zuba 'ya'yan kifi, su ke ciyarwa, su ke shiga taɓo cikin wannan sanyi, duk abin da suka ce baƙo ya biya sun isa. Na ce to ashe mun daidaita. Ya ce a'a, tafki mutum ya gina shi, daji wa ya gina? Na ce kashe gobara da haƙurin damina su ma aiki ne, ko da ba a ganinsu kamar yadda ake ganin taɓo a jiki. Sai da muka hau babban titi sannan ya ce ya ba ni tafki, amma bai ba ni daji ba.

Da na koma gida a wannan karon na je garinmu gaishe da mahaifina. Ya tsufa, idonsa ya yi rauni, yawancin yini a zaure yake. Dajin ma ya ja baya ƙwarai, gonaki da masu gawayi sun ci gabansa, manyan motocin mafarauta sun daɗe da daina zuwa. Na ba shi labarin Baba tun daga farko. Ya tambaye ni kalar karen da sunan garin, na gaya masa abin da na sani. Ya ce ya tuna shekarar, su ma baƙi sun yi musu yawa, da sun buɗe wa kowa da rani ɗaya ya isa a share dajin. Ya ce kuma gaskiya ne, ba su cika tambayar baƙo abin da ya koro shi ba. Daga nan ya ce yana so ya ji muryar mutumin.

Da muka sake haɗuwa da Baba a Dengfeng na gaya masa. Ya ce shi me zai ce wa sarki. Wata rana bayan mun yi la'asar, lokacin a gida hantsi ne, na kira wayar ƙanena ya kai wa mahaifinmu, na buɗe murya na ajiye tawa a kan katifa. Baba ya gyara zama ya cire hularsa ya mayar, kamar ana ganinsa. Suka yi gaisuwa mai tsawo, gida da iyali da gajiya da sanyin ƙasar mutane.

"An ce kana da ƙara a kaina," in ji mahaifina.

"Ranka shi daɗe, ba bisa kanka ba," in ji Baba. "Bisa sarautarka dai."

Suka yi dariya su biyu. Mahaifina ya kawo hujjarsa ta birai da gobara, Baba ya kawo tasa ta mai mota da mai gora, kowa ya saurari ɗan uwansa da ladabi. Na gyara zama a kan kwalin samfur ina jiran in ji inda za a kwana. Sai mahaifina ya tambaye shi ko a can wajensu ya taɓa ganin mariri da idonsa, domin shi labarinsa kawai yake ji. Baba ya ce ya gani sau ɗaya yana saurayi, ya shiga kwatanta masa ƙahonsa da yadda yake tsayuwa. Mahaifina ya ba shi labarin gwankin da ya bi tun safe har yamma ya kuɓuce masa a bakin rafi. Daga nan suka shiga yadda ake bin iska, da yadda ake gane sawun jiya da na yau, da itacen da ya fi kyau a yi banda da shi, da abin da kowannensu ke ba kare idan maciji ya sare shi. Muryar mahaifina ta koma kamar ta da, wadda nake ji a zaure ina yaro. Baba kuwa har tashi ya yi tsaye yana nuna yadda barewa ke karkata kunne, ya manta ba a ganinsa. Wayar ta yi zafi, hasken taga ya fara ja, ƙanena ya sa baki ya ce cajinsa ya kusa ƙarewa. Suka yi sallama da addu'a. Ba wanda ya koma kan maganar kuɗin baƙo.

Ba a daɗe ba Allah ya yi wa mahaifina rasuwa. Ina Guangzhou labarin ya same ni, jirgi kuma ba zai kai ni jana'iza ba. Baba ne ya shimfiɗa tabarma a ɗakinmu, ya zauna a gaba yana karɓar gaisuwa daga 'yan kasuwar Kano da na Nijar da na Ghana, kamar shi ne babban gidan. Duk wanda ya shigo sai ya gaya masa cewa marigayin mafarauci ne na gaske.

Bayan annobar da ta rufe hanyoyi Baba bai sake dawowa ba. Gwiwoyinsa sun gaji da hawan bene, ɗansa ne ke yin odar kaya ta waya daga Maraɗi. Ni har yanzu ina zuwa, na koma wani ɗakin a layin baya. Maganar kuwa ban yanke mata hukunci ba. Wani lokaci in ga mahaifina ne da gaskiya, wani lokaci in ga Baba ne, ya danganta da wanda na fi kewa a ranar. Ƙanena ne ya gaji sarautar, sai dai aikinsa yanzu ya fi yawa a tsaron gari da rakiyar 'yan kasuwa, farautar sai jefi-jefi.

Mukan yi waya da Baba da Sallah. A ta ƙarshe ya ce in gaishe masa da sabon sarki, ya tambaye ni ko har yanzu zabin daji suna fitowa a bayan garinmu. Na ce ƙanena ya ce akwai 'yan kaɗan a wajen duwatsu. Ya ce a gaya masa ya bar su su hayayyafa, kada a taɓa su bana. Sannan ya tambaye ni yadda kasuwar jakunkuna take a Shiling, na ce sai godiya, ya ce ɗansa zai kira ni a kan wani sabon samfur, muka yi sallama.